Madubin Hangen Taurari da Ƙurar Hunturu

 

Yau daga Ollelewa nake yi muku magana, cikin ƙasar Damargu. Darasinmu a kan madubin hangen taurari ne, da yadda ake ajiye shi.

Wannan na'ura dogon bututu ce. A gindinta akwai madubi mai ɗan zurfi kamar faranti. Shi ke tara hasken wata da na taurari, ya kawo wa ido. Wani masani na Ingila, Isaac Newton, ya ƙera irinta a shekarar 1668. A Amurka kuma wani mutum, John Dobson, ya koya wa talakawa su gurji gilashi da hannu, su yi tasu a gida.

Ni ma na gurji nawa. Wata huɗu na yi ina aikin. Da shi ƴan ajinmu suka ga ramukan da ke fuskar wata. Ran nan wani dattijo cikin ɗalibaina ya ga ƙura a kansa. Don ya taimake ni, sai ya sa bakin rawaninsa ya goge. Madubi ya yi zane-zane, aikin wata huɗu ya lalace. Laifina ne, don ban yi masa bayani ba.

To, ga bayanin. Madubin ɗaki, a bayansa aka shafa abin da ke ƙyalli, gilashi ya kare shi. Madubin hangen taurari kuwa, a fuskarsa aka shafa azurfa ko sanholo. Shafin bai kai kaurin gashi ba, ko kusa. Ƙurar hunturu da iska ke kawo mana daga gabas, tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, tana haɗuwa da yashi a hanya. Ƙwayar yashi ta fi gilashi tauri. In ka goge da tsumma, ka zama mai kankare tukunya ke nan.

Saboda haka ku riƙe abubuwa biyar.

Na ɗaya, ku rufe bakin bututun da gindinsa, duka biyu. Tsumma mai tsabta da igiya sun isa.

Na biyu, ku kwantar da bututun a kan gado ko maratayi. Kada bakinsa ya dubi sama, kada ya taɓa ƙasa.

Na uku, in kun cire madubin, ku sa shi cikin kwano mai murfi, sannan cikin adaka. Kada murfin ya taɓa fuskarsa.

Na huɗu, ku nisanta shi da hayaƙin murhu. In raɓa ta jiƙa shi, ku bari ya bushe kafin ku rufe.

Na biyar, kada ku bar shi buɗe a rana. Yana tara zafinta wuri guda, har ya kunna wa jinka wuta. Kada kowa ya dubi rana da shi. Makanta ce nan take.

In ya yi ƙura kaɗan fa? Ku ƙyale shi, ba za ta hana gani ba. In ta yi yawa, ku kwarara masa ruwan sama da aka tace, ku jingine shi ya tsane. Ruwan rijiya yana barin tabo.

Masu tabarau, ku ma wannan darasi naku ne: a wanke da ruwa kafin a goge. Rigakafi ya fi magani.

Ga tambayar da za ku tattauna da malaminku: me ya bambanta madubin ɗaki da na hangen taurari? Kowa ya rubuta amsa cikin littafinsa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.