A Zana Matsalar a Ƙasa Kafin a Fara Gardama

Yau da kai nake, malamin ajin yaƙi da jahilci. Ka lura dattijo yakan koyi baƙi da lissafi, amma da an zo zancen kuɗin ƙungiya ko rabon ruwan rijiya, sai taro ya watse? Sauraron juna, haƙuri da sasantawa su ma darasi ne, kuma ba a haddace su daga allo.

A shekarar 1963, a garin Angikos na ƙasar Barazil, Paulo Freire ya koyar da manya kimanin 300 karatu cikin awa 40. Da hotunan rayuwarsu yake farawa, su tattauna a kai, sannan a zo ga harafi. A 1993 ƙungiyar ActionAid ta ɗora kan wannan, ta gwada tsarin REFLECT a Uganda, Bangaladash da El Salbado, inda ɗalibai ke zana taswirar ƙauyensu a ƙasa da tsakuwa da kara.

To, gwada wannan. Share fili, ka ce su zana bishiya. Gangar jikinta ita ce matsalar, misali shanu suna shiga gonaki. Saiwoyi su ne dalilai: an nome burtali, tafki ya ƙafe, ba a sanar da ranar sakin gonaki ba. Rassa kuwa su ne abin da ya biyo baya: asara, gaba, shari'a. Kara ɗaya ne na zane, wanda ke riƙe da shi kaɗai ke magana. Daga nan ka ba kowa tsakuwa uku, ya ajiye kan saiwar da ya fi ganin nauyinta.

Me ya sa abin ke aiki? Ido ya koma ƙasa, ba fuskar abokin gardama ba. Ana nuna saiwa da yatsa maimakon mutum. Matar da kunya ke hana ta magana gaban surukai, tsakuwarta daidai take da ta mai unguwa.

Sai dai ka kiyaye: kada kai ka yi zanen. Da ka karɓe karan, sun koma 'yan kallo. Idan sun gama, a kwafe shi kan takarda, su rubuta sunan kowace saiwa, ga darasin rubutu ya samu.

Gwada a ajinka wannan mako, ka aiko mana yadda ta kaya. Mu kwana lafiya.