Ɓarnar Hayaƙi Bayan Gobara

Akan ɗauka cewa da zarar 'yan kwana-kwana sun kashe wuta, ɓarna ta ƙare. Ba haka abin yake ba. A shekarar 1986 gobara ta tashi a babban laburaren birnin Los Anjeles na Amurka. Wuta ta cinye littattafai wajen 400,000, amma hayaƙi da ruwa suka yi wa wajen 700,000 lahani. Dalili kuwa, hayaƙi yakan kutsa inda wuta ba ta kai ba. In robar wayoyin lantarki ta ƙone, hayaƙinta kan haɗu da laima ya zama asid mai cin ƙarfe da takarda. Saboda haka, ya ku ma'aikata, a gaggauta fitar da takardun ofis, a share kunkunniya tun ba ta kama jiki ba.