Wasiƙun Ƙungiya da Akwatin Imel: Jawabin Tsohon Sakatare a Taron Shekara



Da aka ce in yi magana a kan yadda ake haɗa akwatin imel da kwamfuta, sai na ce wa Shugaba ai akwai yaranmu da suka fi ni sanin wannan fanni. Ya ce ya sani, amma ni ne na taɓa yi wa ƙungiya ɓarna da shi, don haka ni ya kamata in tsaya. Ban yi musu ba.

Kafin in shiga bayani, ku tuna da ranar rabon wasiƙu a makaranta. Masinja ya hau keke ya tafi gidan waya, ya buɗe akwatin makaranta, ya kwaso abin da ke ciki, da yamma a tsaya ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya riƙe wannan hoto a ransa ya fahimci rabin abin da zan faɗa.

Imel ba sabon abu ba ne. Tun a 1971 wani injiniya a Amurka, Ray Tomlinson, ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, kuma shi ya zaɓi alamar @ don raba sunan mutum da sunan gidan da akwatinsa yake. Wannan gida wata babbar kwamfuta ce da ba ta barci, ana ce mata saba, ita ce gidan wayarka. Manhajar da ke cikin kwamfutarka kuwa, irin su Thunderbird ko Outlook, ita ce masinja. Amfaninta shi ne kana iya karanta tsofaffin wasiƙu ka kuma rubuta amsa ko da babu intanet, sai ya dawo ta aika.

Masinjan nan hanya uku ya sani. Ta farko sunanta SMTP, wadda aka tsara a 1982, da ita ake aika wasiƙa. Sauran biyun na karɓa ne. Akwai POP, ta 1984, wadda ke kwaso wasiƙun ta kawo maka gida, kuma in ba ka hana ta ba tana iya barin akwatin gidan waya wayam. Akwai kuma IMAP, ta 1986, wadda ke barin wasiƙun a saba ta nuna maka su, ta yadda abin da ka gani a kwamfuta shi za ka gani a wayar hannu.

Ga inda na yi tuntuɓe. Lokacin da nake sakatare, wani yaro ya haɗa mini akwatin a kwamfutar ofishina, ya zaɓi POP, ni kuwa ban tambaya ba domin ban san akwai abin tambaya ba. Shekara da shekaru wasiƙun ƙungiya suna sauka a wannan kwamfuta ita kaɗai: sunayen mambobi, alkawuran gudummawar gyaran ɗakin karatu, da wasiƙar da marigayi malaminmu na Lissafi ya aiko mana yana sa mana albarka. Wata rana aka kawo wuta da ƙarfi, kwamfutar ta ƙone. Na ruga wani shago na buɗe akwatin ta intanet, na tarar babu komai sai wasiƙu uku na ranar. Waɗanda suka yi alkawari, wasu sun cika don Allah, wasu kuwa har yau suna cewa in nuna musu a rubuce. Wasiƙar Malam ce ta fi yi mini ciwo, domin ba za a sake rubuta ta ba.

To, ga yadda ake yi daidai. Zan yi misali da Thunderbird, domin kyauta ce, kuma tun 2004 ake amfani da ita. Bayan ka sanya ta a kwamfuta, za ta nemi abu uku: sunanka yadda kake so masu karɓar wasiƙa su gani, cikakken adireshin imel, da kalmar sirri. Daga nan ita da kanta za ta nemo sauran bayanan. In ta ba ka zaɓi, ka ɗauki IMAP. Kada ka yi sauri a wannan wuri.

In ta kasa nemowa, sai ka cike da hannu. Ga mai akwatin Gmail, sabar karɓa ita ce imap.gmail.com, lambar ƙofarta 993. Sabar aikawa ita ce smtp.gmail.com, lambar ƙofarta 465 ko 587. Waɗannan ƙofofi ne masu kulle, wato wasiƙar tana tafiya a rufe, na kan hanya ba ya iya karantawa. A wajen sunan mai shiga, ka rubuta adireshin gaba ɗaya har da abin da ke bayan @. Wanda akwatinsa na ma'aikata ne, ya nemi waɗannan sunaye da lambobi a wajen mai kula da kwamfutocinsu.

Wani abu da ke rikita mutane shi ne, tun 2022 Google ya daina yarda manhaja ta shiga akwati da kalmar sirri kawai. Wani ƙaramin shafi zai buɗe, ka shiga a can, ka ba manhajar izini. Wannan ba matsala ba ce, tsaro ne. In an gama, ka aika wa kanka wasiƙa. In ta fita kuma ta dawo, hanyoyin biyu suna aiki. In tana shigowa amma ba ta fita, laifin yana wajen SMTP, can za ka duba.

Sai dai kada wani ya fita daga nan yana cewa IMAP ta raba shi da asara. Abin da ka goge a waya ya gogu a kwamfuta ma, domin akwati ɗaya suke kallo. Saboda haka muhimman wasiƙu a riƙa kwafe su zuwa jakar da ke cikin kwamfutar kanta, a kuma ajiye wani kwafi a filashi, a wani ɗaki daban.

Ina da roƙo uku ga sababbin shugabanni. A buɗe akwati da sunan ƙungiya, ba da sunan sakatare ba, domin sakatare yana sauka, yana kuma mutuwa. Kalmar sirri ta kasance a hannun mutum biyu, a canja ta duk lokacin da aka miƙa mulki. Lambar wayar da aka ɗaura wa akwatin kuma a tabbata layi ne mai rai, domin ta nan ake dawo da akwati in an manta kalmar sirri.

Malamanmu sun sha gaya mana cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. Ni ban ji ba sai da na gani. Ina sake neman gafarar ƙungiya a kan abin da ya salwanta a hannuna. Duk wanda ya zo da kwamfutarsa, ina nan bayan sallar La'asar, mu zauna mu haɗa tare.

Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu, ya ƙara wa na raye lafiya.