Kare Sabon Daji Daga Lantana a Filayen Kuza



Tun wajen shekarar 1904 kamfanonin Turawa suka fara haƙar kuza a ƙasar Jos. A shekarar 1914 aka kawo jirgin ƙasa daga Zariya don kwasarta, garin kuwa ya bunƙasa, har Terminus ta zama cibiyar ciniki. Amma wanda ya tashi daga Terminus ya nufi Bukuru ko Barikin Ladi zai ga abin da haƙar ta bari: kududdufai masu zurfi, da tsibin ƙasa, da fili wanda ba ya nomuwa.

Dokar ma'adinai ta 1946 ta wajabta gyara irin waɗannan filaye. Aka baje waɗansu, aka dasa itacen turare, wanda asalinsa daga Ostareliya yake. Sai dai dashe shi ne farkon aiki. Filin da aka tone, rana tana dukansa, shi baƙin tsire-tsire suke fara mamayewa.

Babba cikinsu a wannan yanki ita ce lantana. Asalinta daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu take, saboda kyan furenta aka yaɗa ta duniya. Tana da ƙananan ƙayoyi, da fure mai launin rawaya da ja, da 'ya'ya masu yin baƙi idan sun nuna. Tsuntsaye suna cin 'ya'yan, su watsa irin ko'ina. Har a dajin Amurum da ke Laminga, gabas da Jos, ta sami gindin zama. Tana yin sarƙaƙiya ta danne ƙananan itatuwa, ganyenta kuma yana lalata hantar shanu da tumaki.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sare ta ko a cinna mata wuta. Muddin gindin yana cikin ƙasa, za ta sake tohowa, wutar kuwa ta halaka dashen. Abin da ya kamata ke nan:

1. A tumɓuke ta da gindinta a farkon damina, lokacin da ƙasa take da laushi.
2. A yi haka kafin 'ya'yanta su nuna.
3. Kada a bar gurbinta fayau. A dasa itatuwan gida masu inuwa, kamar maɗaci da ɗorawa da ɓaure, gama lantana ba ta jure wa inuwa mai duhu, inuwar turare kuwa shara-shara ce.
4. A riƙa zagaya filin kowace damina, ana cire sabon tsiro, har itatuwan su haɗa kai.
5. Masu gidaje da masu sayar da furanni su daina shinge da ita.

Ana roƙon sarakuna, da masu unguwanni, da manoma, da makiyaya su haɗa hannu da malaman daji. Icen girki da katakon da birnin Jos zai bukata nan gaba suna cikin dashen da aka tsare yau.

Allah ya ba da damina mai albarka, amin.