Linzami da Ƙaimin Zuciya

 Maganata a yau guda ce. Babban amfanin motsa jiki ga mai hawan jini yana cikin horon da jijiyoyin da ke mulkin zuciya suke samu, ko da teɓa ba ta ragu ba, ko da damtse bai fito ba.

Zuciya tana da ɗan gurbi a cikinta mai kunna bugu da kansa, kuma da za a sakar masa mara, da sai ya riƙa bugawa wajen sau 100 a minti. To me ya sa lafiyayyen mutum a zaune yake samun 70 ko ƙasa da haka? Saboda akwai wata doguwar jijiya da ta sauko daga tushen ƙwaƙwalwa ta bi wuya, likitoci suna kiranta bagus, wato mai yawo, kuma ita ce linzamin. Tun 1845 wasu 'yan'uwa biyu na gidan Weber a Jamus suka nuna cewa idan aka tsokane ta, zuciya takan sassauta har ta tsaya. Ƙaimin kuwa wani rukunin jijiyoyi ne da ke fitowa daga laka, masu hanzarta bugu da matse hanyoyin jini. Ba mai umartar su da niyya, kamar yadda ba wanda ke umartar cikinsa ya narkar da abinci. Mahayin kirki ba ya fara sukar doki da ƙaimi, linzami yake fara sassautawa, kuma haka jiki yake yi: ƙarin bugu na farko daga sakin linzami yake zuwa, sai aiki ya yi nauyi sannan ƙaimi ya karɓi ragama.

Umarni daga wurare uku yake fitowa. Na farko daga sama ne: lokacin da Isma'il Ahmad Isma'il ya tsaya a layin tseren mita 800 a Beijing a 2008, inda ya ciyo wa Sudan lambar azurfa, zuciyarsa ta riga ƙafarsa tashi, domin ƙwaƙwalwar da ke shirin aika saƙo ga tsoka tana aika wani ga zuciya. Na biyu daga tsokar ne, kuma a bakin kogin Nilu aka tabbatar da shi. A 1937, a Alƙahira, masu bincike biyu, Alam da Smirk, suka ɗaure hannun mutum yadda jini ba zai wuce ba, suka sa shi ya yi aiki da hannun, sannan ya daina. Jininsa bai sauka ba sai da aka kwance ɗaurin. Dattin aikin da ya taru a tsoka shi ke ta kai ƙara. Na uku masu gadi ne a jijiyar wuya da babbar jijiyar da ta fito daga zuciya, suna auna matsin jini bugu bayan bugu. Lokacin aiki ba sa barci, matsayin da suke gadi ne ake ɗaga musu na ɗan lokaci.

A nan mai hankali zai ce: ashe kai da bakinka ka yarda cewa motsi yana ɗaga jini, to don me za a tura mai hawan jini ya yi? Tambaya ce mai kyau, amma ta haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. A tafiya mai sauri lambar sama ta awon jini ce take hawa, ta ƙasa kusan tana nan, domin hanyoyin jini na cikin tsoka sun buɗe. Bayan an gama, jinin yakan sauka ƙasa da inda yake, ya jima a haka na sa'o'i. Wanda ya dawwama makonni, linzaminsa yakan yi ƙarfi, ƙaimi ya rage zafi, lambar sama ta sauko da wajen 5 zuwa 8. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake ba lasisin zubar da magani ba ne, kuma wanda awonsa ya yi sama ƙwarai ko yake jin ciwon ƙirji, likita zai fara gani. Inda na yarda da mai suka shi ne ɗaga kaya mai nauyi tare da riƙe numfashi, wanda ke harba jini sama farat ɗaya. Shi ya sa ɗan dako a kasuwar Omdurman, duk wahalar da yake sha, ba lallai ne ya samu abin da mai tafiyar minti 150 a mako yake samu ba, adadin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara.

Suka ta biyu ta fi nauyi, ita ce zafi. A gari irin Hartum, inda zafin watan Mayu ke wuce digiri 40, fata ma tana neman jini don ta sanyaya jiki, gumi yana rage ruwan jinin, zuciya sai ta ƙara bugu don cike giɓi. Mai gudu da rana tsaka da ya tsaya cak, tsokar ƙafarsa ta daina turo jini sama alhali hanyoyi suna buɗe, sai jiri ya kwashe shi. Masu shan maganin da ke sa fitsari sun fi shiga wannan haɗari. Lokacin da ya dace shi ne bayan asuba ko gab da magariba, da ruwa a hannu, a kuma ƙare da tafiya a hankali maimakon tsayawa.

Ɗaliban likitanci na Hartum, waɗanda makarantarsu ta samo asali tun 1924, suna iya gwada linzamin da yatsa biyu da agogo. A ƙirga bugu da zarar an gama motsi mai ƙarfi, a sake ƙirgawa bayan minti ɗaya. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1999 ya gano cewa waɗanda bugunsu ya ragu da 12 ko ƙasa da haka sun fi sauran haɗarin mutuwa a shekarun da suka biyo baya.