Doguwar ƙwallo: yadda za ka koya wa yaranka tare ta

Shirin yau na kococin yara ne, musamman na Birnin Kudu da Gwaram, masu atisaye a filayen makarantu bayan la'asar.

Kun san filayenmu. Da rani ƙasa ta bushe ƙamas, ga rairayi, ga iskar hunturu. Ba a iya buga ƙwallo ƙasa-ƙasa yadda ake so, shi ya sa kowa ke nausa ta sama, ɗan gaba mai gudu ya bi. Ƙwallo ɗaya tak sai ta rushe wahalar minti 90.

Kuma wannan matsalar har manya tana ci. A gasar cin kofin duniya ta 2018, Banega ya cillo doguwar ƙwallo ta saman 'yan bayan Super Eagles, Messi ya tare ya zura a raga, Ajantina ta ci mu 2 da 1. A 2010 kuma, golan Jamus Manuel Neuer ya yi bugun gola, ƙwallon ta wuce 'yan bayan Ingila, Klose ya ci. Ku lura da ta biyun nan: doka ta ce babu satar gida a bugun gola, haka ma a jifa da kwana. Yaron da ya tsaya yana ɗaga wa alƙalin wasa hannu, an riga an ci shi.

To me za ka koya musu?

Da farko, tare doguwar ƙwallo daga wurin mai bugawa ake farawa. In ɗan gabanka ya matsa masa, ba zai samu sukunin ɗaga kai ya auna ba. In kuwa ba kowa a kansa, 'yan bayanka su fara ja da baya tun kafin ya buga, suna tsaye a karkace don su juya da sauri.

Sannan mutum ɗaya ne zai tashi sama. Ya kira da ƙarfi, “Tawa ce!”, abokinsa ya koma bayansa ya rufe. Su biyu suka tashi tare, an bar ƙofa a buɗe.

Kada a bari ta taɓa ƙasa. A busasshen fili, in ta dira ba ka san inda za ta nufa ba. A sa mata kai, a tura ta gefe, can nesa da tsakiya. 'Yan tsakiya kuma su rugo su ɗauki wadda ta faɗo, don nan ake yawan cin mutane.

Gola ma kada ya maƙale a raga, ya fito bakin da'irarsa yana magana. In iska na bayan abokan karawa, kowa ya ƙara ja baya taku biyu ko uku.

A atisaye, ka jera 'yan baya 4 da gola, ka sa 'yan gaba 2, ka riƙa cillo musu daga tsakiya minti 15. Amma yara ƙanana 'yan firamare, a rage musu sa kai, a yi da ƙwallo mara nauyi. Lafiyar yaro ta fi kofi.

Mu kwana nan. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya ba da sa'a.