Ciwon Muƙamuƙi: Wanda Ake Jira Da Wanda Ba A Jira

Tambayar da aka kawo mana ita ce: in muƙamuƙi ya yi ciwo, a zauna ya warke da kansa ko a tahi likita? Amsa biyu gare ta, kuma sanin bambancinsu yana iya ceton rai.

Kowa ya ɗora yatsa a gaban kunnensa ya buɗe baki. Abin da kuka ji yana motsi, ita ce gaɓar da ta haɗa haɓa da ƙoƙon kai. Ba ta hutawa: da ita muke ci, muke magana, muke hamma. Goro tun sahe, kilishi, aya, busasshen dabino, rake, ga tauna da gehe ɗaya saboda wani haƙori ya lalace. Ƴan bida kuma da suka kwana ɗaki guda a Abijan ko Legas sun san mai cizon haƙora cikin barci saboda tunanin gida da na bashi. Duk wannan gajiya ce ga gaɓar.

Irin wannan ciwo, mahi yawansa yakan lafa da kansa cikin ƴan makonni in an bar gaɓar ta huta. A koma hura, kunu, tuwo mai laushi. A ajiye goro da cingam. A jiƙa tsumma da ruwan ɗumi a ɗora wurin kamar minti 15, sau biyu ko uku a yini. In hamma ta zo, a tallabe haɓa da hannu. Farasetamol ya isa, bisa awon da malamin likita ya faɗa. Tramol na ƴan tebur ba maganinsa ba ne, wata cuta ce dabam ake saye. Ƙarar ƙas-ƙas da ba ta tare da ciwo ba ta bukatar magani. Amma in ya kai wata guda bai sauka ba, ko ya hana cin abinci, sai a je a duba.

To, ga waɗanda ba a jira ko kwana ɗaya.

Na farko, muƙamuƙi ya ƙage, baki ya ƙi buɗuwa, wuya da baya suna sandarewa. A tambayi mutum: ƙaya ko ƙusa ta soke shi, ko hauya ta sare shi a gona ko a garkar albasa? Wannan alamar tetanos ce, wadda ke bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21 bayan rauni, ko da raunin ya riga ya rufu. Tana kisa, kuma allurar rigakahi tana tare ta.

Na biyu, kumburin kunci ko ƙasan haɓa tare da zazzaɓi. Sau da yawa ruɓaɓɓen haƙori ne ya tara mugunya. In ta gangara maƙogwaro tana toshe numfashi. Ƙahon wanzami da tsaga ba su kai wurinta.

Na uku, mutum ya yi hamma baki ya tsaya a buɗe, yawu na zuba. Gaɓar ce ta goce. Kada a buga, kada a danna da ƙarhi. Ma'aikacin lahiya yana mayar da ita da hannu, kuma aikin ya hi sauƙi in an kai shi da wuri.

Na huɗu, bayan faɗuwa daga kabu-kabu ko harbin jaki, haƙoran sama da na ƙasa ba su haɗuwa yadda suka saba. Wataƙila karaya ce.

Na biyar, ga dattawa: ciwon haɓa da ke zuwa tare da nauyin ƙirji, zufa ko haki, musamman wajen hawan tudu. Wannan na iya zama zuciya.

Na shida, yaro ramamme, ko wanda ya tashi daga dusa, dasashi na jini, baki na wari, kunci ya kumbura. Ita ce cutar noma, wadda ke cin huska cikin kwanaki, ta bar muƙamuƙi a ɗaure. A watan Disamba 2023 Hukumar Lahiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. A Sakkwato akwai asibitinta tun 1999. Amma in an kama ta tun tana dasashi, magani da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita.

Hanya sananniya ce: likitar gari tukuna, daga nan asibitin Madawa, Buza ko Keita, in abin ya hi ƙarhinsu su tura Tawa. Asibitin Galmi ma yana nan tun 1950.

Roƙonmu ga masu aiko kuɗi daga waje: in an kira ku an ce tsoho ko yaro ba ya iya buɗe baki, ku aiko kuɗin mota ranar nan, kada a jira ranar kasuwa. Duk wanda kuma zai sauka gona da damanar bana, ya biya likita ya tambayi allurar tetanos kahin shuka.